Muhammadu al-Katsinawi: Malamin da ya rubuta ƙa'idar hatimi

Duk wanda ya tashi a zangon Salaga, ko Yendi, ko Bawku, ya san laya. Wanda kuma ya taɓa ganin an warware tsohuwar laya ya ga abin da ke ciki: takarda mai zanen gidaje, uku-uku ko biyar-biyar, kowane gida da lambarsa ko harafinsa. Hatimi ke nan. Abin da ban cika jin ana faɗa ba shi ne, cika waɗannan gidaje lissafi ne mai ƙa'ida, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka rubuta ƙa'idar mutumin Katsina ne, ya rasu a Alkahira a shekarar 1741.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafulatani. Littattafan Larabci suna kiransa al-Kashinawi ko al-Kishnawi, wato Bakatsine, su ƙara masa da as-Sudani. A zamaninsa Katsina ce kan gaba a ƙasar Hausa wajen fatauci da karatu, ayari na fita arewa su ƙetare Sahara, wasu su nufo Gwanja neman goro. Ya yi karatu wurin Shehu Muhammadu al-Wali, malamin ƙasar Bagirmi da ke Chadi a yau. Wanda ya buɗe masa ƙofar hisabi da wafaƙi kuwa Shehu Muhammadu Bindu ne.

A 1142 Hijira, wajen 1730 ke nan, ya yi aikin Hajji, ya zauna a Makka. Can ya fara rubuta ad-Durrul Manzum, ya kammala shi a Masar a watan Rajab na 1146. Littafin taƙaitawa ne da sharhi a kan as-Sirrul Maktum, wanda ake jingina wa Fakhruddin ar-Razi, batunsa kuwa taurari da ɗalasimai da sihiri. Ba zan ɓoye wannan ba. Malamai da yawa, na da da na yanzu, ba su yarda da wannan fage ba, kuma suna da hujjojinsu. Hukuncin rataya laya na bar wa masu fatawa. Ni inda na fi mai da hankali shi ne ɗayan littafin, Bahjatul Afaƙ, na 1145, domin a cikinsa akwai abin da ko mai ƙin laya ba zai iya musawa ba: tara lambobi ba ya ƙarya.

To, mene ne aikin? Ka zana gidaje tara, uku a tsaye uku a kwance. Ka zuba 1 zuwa 9, kowace lamba sau ɗaya, ta yadda kowane layi, a kwance, a tsaye, ko daga kusurwa zuwa kusurwa, zai ba da jimla ɗaya. Jimlar 1 zuwa 9 ita ce 45, a raba wa layi uku, dole kowanne ya tashi da 15. Idan gidajen biyar-biyar ne, 325 a raba biyar, 65. Bakwai-bakwai, 175. Sanin jimlar abu ne mai sauƙi. Wahalar tana wajen sanin inda kowace lamba za ta zauna, kuma wanda ya ce zai cika gida 49 da laluben dace, ai sai ya kwana yana gogewa.

Al-Katsinawi ya tsara hanyoyi daban-daban na cika hatimin da gefensa mara ne, wato 3, 5, 7 da sauransu, wasu da tsalle irin na doki a wasan shaɗaranji. Ga wata mai sauƙi daga dangin waɗannan hanyoyi, ku gwada a allo. Sa 1 a tsakiyar layin sama. Kowace lamba ta gaba, ka hau sama gida ɗaya ka karkata dama. In ka fita ta sama, ka ɓullo ta ƙasa; in ka fita ta dama, ka ɓullo ta hagu, kamar an naɗe tabarma bakinta biyu sun haɗu. In ka tarar da gidan a cike, sai ka sauka ƙarƙashin lambar da ka rubuta yanzu. Za ka samu 8, 1, 6 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 4, 9, 2 a ƙasa. Dubi kusurwoyin: 2, 4, 6, 8. A lissafin abajada su ne ba, dal, wau, ha, kalmar buduhu da tsofaffin malamai suka sani. Turawa sun san wannan hanya ne daga wani jakadan Faransa, de la Loubère, da ya je Siyam ya buga littafinsa a 1691, har yau da sunansa suke kiranta.

A Alkahira ya sauka gidan Shehu Hasan al-Jabarti, masanin falaki wanda asalin gidansu daga gabashin Afirka ne. Mai masaukin ya zauna ya koyi wafaƙi a wurin baƙon. Wannan kaɗai ya isa ya nuna matsayinsa: babban malami a birnin Azhar yana ɗaukar darasi wurin Bakatsine. Ya kuma yi rubutu a nahawu da manɗiƙi. A gidan ya rasu a 1154 Hijira, ya yi wasiyyar littattafansa ga Hasan, aka binne shi a maƙabartar Bustanul Mujawirin. Ɗan Hasan, Abdurrahman al-Jabarti, wanda aka haifa bayan rasuwar da fiye da shekara goma, shi ya sa labarinsa a babban tarihinsa na Masar, Aja'ibul Asar.

A shekarar da ya rasu, 1741, wani matashin masanin lissafi ɗan Suwizalan, Leonhard Euler, ya tashi daga Rasha ya koma Balin. Shi ma daga baya ya zauna kan hatimi, ya rubuta maƙala a kansa a 1776. Shekara ɗaya bayan haka ya yi amfani da harafin i a matsayin lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka ɗaya ƙasa da sifiri. Irin wannan lamba ba ta cikin waɗanda muke ƙirga buhun goro da su, don 2 sau 2 huɗu ne, kuma 2 ta ƙasa da sifiri sau kanta ma huɗu ce. An daɗe ana mata kallon wasan masana. Yau injiniyoyi da ita suke lissafin wutar da ke tasowa daga Akosombo. Tsarin gidajen da Euler ya fitar daga nazarin hatimi kuwa, inda alama ba ta maimaituwa a layi, shi Ronald Fisher ya ɗauka a Ingila a shekarun 1920 don raba filin gwajin iri da taki.

Mu a nan, rabonmu daga wannan ilimi ya zo ta hannun malaman da suka bi ayarin goro. Bature Bowdich, da ya je Kumasi a 1817, ya ga jarumawan Asante sanye da riguna cike da layu da Musulmi suka rubuta. Bayan yaƙin Katamanso na 1826, wani tarin takardun Larabci na Kumasi ya faɗa hannun mutanen Denmak, yana Kofanhegan har yanzu, kuma mafi yawansa addu'o'i ne da hatimai. Wato hannun kakanninmu ya iya zana gidajen. Abin da ke damuna shi ne yaron zango da zai ce maka lissafi na 'yan boko ne, alhali a akwatin kakansa akwai takarda mai 15 ta kowane gefe. Shi ba a taɓa ce masa ya tara lambobin ba, malamin lissafinsa na makarantar gwamnati kuma bai taɓa jin sunan al-Katsinawi ba.

Hatimin uku-uku ɗaya ne tak, sai dai a juya shi. Na huɗu-huɗu akwai 880. Na biyar-biyar kuwa sai a 1973 aka ƙirga su da kwamfuta, aka samu 275,305,224.