Fada Oswald Waller, Wanda Ya Kafa Mishan na Shendam

Duk wanda ya ga majami'un Katolika na Sabon Garin Kano zai zaci daga nan aikinsu ya faro a Arewa. To, ba haka ba ne. Tushen abin yana can Shendam, ƙasar Ankwai, watau Goemai, wanda ya dasa shi kuwa shi ne Fada Oswald Waller.

An haife shi a 1866 a ƙasar Alsas, wadda Faransa da Jamus suka daɗe suna jayayya a kanta. Ya shiga ƙungiyar Mishan ta Afirka, wadda aka kafa a Liyon ta Faransa a 1856, ya zama Fada.

A zamanin nan Gwamna Lugga ya yi wa sarakunan Musulmi alkawari ba za a taɓa addininsu ba, saboda haka ba a yarda Turawan Mishan su zauna cikin ƙasashensu ba. Shi ya sa da Fada Zappa, shugabansu na Asaba, ya tura Waller Arewa tare da Fada Belin da Fada Mouren, sai suka bi kogin Binuwai cikin kwalekwale, suka sauka Shendam ran 12 ga Fabrairu, 1907.

Ba su tarar da mabiya suna jiransu ba. Abin da ake aiko musu daga Turai kuma bai taka kara ya karya ba. Sai suka ɗauki fartanya suka shiga noma don su ci da kansu, suna koyon harshen mutanen, suna ba marasa lafiya magani. Shekaru suka yi ta wucewa, masu karɓar addinin 'yan kaɗan ne, amma Waller bai tashi ba.

A 1911 Paparoma ya ware wannan yanki ya zama ƙasar mishan mai zaman kanta, aka ɗora Waller bisa shugabancinta, ya riƙe har 1929. Ya rasu a 1939. A 1934 aka raba ƙasar biyu, Kaduna da Jos, daga ta Kaduna kuma aka fitar da ta Kano a 1991. Shendam ta sami Bishop nata a 2007, shekara 100 cif bayan saukarsa.

Malamai da ma'aikata, ko da addininmu ya bambanta, akwai abin lura a nan. Wanda aka tura ƙauye, in yana so aikinsa ya yi ƙarko, sai ya koyi harshen mutanen, ya zauna da su, ya yi haƙuri.