Farfesa Abdullahi Smith (1920–1984) da Aikin Adana Rubuce-rubucen Magabata

An haifi Henry Frederick Charles Smith a Ingila a shekarar 1920. Ya karanta tarihi a Jami'ar Kambirij, ya koyar a Sudan, sannan ya zo Jami'ar Ibadan a 1955. A lokacin, yawancin abin da ake koyarwa game da Arewa ya dogara ne a kan rahotannin Turawan mulki, alhali dubban littattafai da wasiƙu na Larabci da ajami suna jibge a gafakokin malamai, gara da ɗanshi suna cin su. A wata maƙala da ya buga a 1961, ya nuna cewa an yi sakaci da jihadin ƙarni na 19, kuma ba za a fahimce shi ba sai ta rubuce-rubucen waɗanda suka yi shi.

A 1962 ya koma Zariya, ya kafa Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello. A 1964 aka fara Shirin Binciken Tarihin Arewa, wanda jami'o'in Ibadan da Zariya suka haɗa hannu a kansa. Matsalar da shirin ya fuskanta ita ce malami ba ya rabuwa da littafin da ya gada. Saboda haka aka riƙa aron littafi a ɗauki hotonsa, a rubuta sunan mawallafi da na mai shi, sannan a mayar masa da abinsa. Ta haka asali ya zauna a gidansa, kwafi kuma ya isa hannun manazarta. Ɗalibinsa Murray Last ya yi nazari a ɗakin karatun Waziri Junaidu a Sakkwato, ya fitar da littafinsa kan Daular Usmaniyya a 1967. Yusufu Bala Usman ma a ƙarƙashinsa ya rubuta kundinsa kan tarihin Katsina.

Smith ya musulunta a 1967, ya ɗauki sunan Abdullahi, ya kuma zama ɗan Nijeriya. A 1970 ya jagoranci kafa Arewa House a gidan marigayi Sardauna Ahmadu Bello da ke Kaduna, domin tattara takardun tarihi. Ya rasu a 1984.

Ga mai nazarin Hausa, amfanin aikinsa bai tsaya ga tarihi ba, domin cikin abin da aka ceto akwai waƙoƙin ajami. Sai dai aikin bai ƙare ba. Rashin tsaro ya raba mutane da ƙauyukansu a yankin Birnin Gwari, irin su Tabanni, kuma mai gudun ceton rai ba ya tsayawa ɗaukar gafaka. Littafin da ba shi da kwafi a wani wuri, in ya ƙone ya tafi ke nan. Hanyar da Smith ya bi, ta riƙon amanar masu littafi da haɗin kan cibiyoyi, ita ce har yanzu ta fi dacewa, musamman da kyamarar zamani ta sauƙaƙa ɗaukar hoto.