Geoffrey Barkas, Baturen da ya kai tsaunukan Filato majigin Ingila

An haifi Geoffrey Barkas a shekarar 1896 a garin Richmond na ƙasar Ingila. Yana matashi ya shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya yi fama a Gallipoli da Faransa, har aka ba shi lambar jarumta. Bayan yaƙin ya rungumi sana'ar fim, a zamanin da majigi bai fara magana ba, sai rubutu a kan allo ke bayyana wa 'yan kallo abin da ke gudana.

A 1926 ya fitar da Palaver, wanda masana da dama ke ɗauka a matsayin dogon fim na farko da aka shirya a Najeriya. An ɗauke shi ne a tsakanin Angasawa da Surawa, waɗanda a yau ake kira Ngas da Mwaghavul, a tsaunukan Filato, jihar da Lafia take cikinta har zuwa 1996 da aka ƙirƙiro Nasarawa. Labarin kishi ne tsakanin wani Di'o da wani Bature mai haƙar kuza a kan wata ma'aikaciyar jinya. Mai kuzan ya yi amfani da barasa ya zuga sarkin yankin ya yi tawaye, daga ƙarshe Di'o ya yi nasara.

Jaridun fim na Ingila sun yaba da hotunan duwatsu da ƙauyuka, suka ɗauki abin da suka gani a matsayin ainihin rayuwar ƙasar. Amma rubutun da ya buɗe fim ɗin ya siffanta mutanen wurin da cin naman mutane, ya kuma nuna mulkin mallaka a matsayin cetonsu. Shi ya sa manazarta na yau suke kallonsa a matsayin farfagandar daular Birtaniya mai cike da wariyar launin fata.

Tauraruwarsa ta ci gaba da haskawa. Fim ɗin Wings over Everest, wanda ya shirya tare da Ivor Montagu, ya ci kyautar Oscar a 1936. A Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, shi ya shugabanci sashen ɓad-da-kama na sojojin Birtaniya a Gabas ta Tsakiya. Kafin gumurzun El Alamein a Masar, cikin Oktoban 1942, mutanensa sun yi wa tankokin yaƙi shigar manyan motoci, suka jera na jabu a kudu tare da bututun ruwa na ƙarya, domin Rommel ya kasa gane inda farmaki zai ɓullo.

Barkas ya rasu a 1979. Gwanintarsa a fagen fim da fagen daga iri ɗaya ce, wato sa ido ya gaskata abin da aka shirya masa. Yaudarar hamada ta ƙare da ƙarewar yaƙi, amma hoton da ya zana wa mutanen Filato yana nan a ajiye a taskar Cibiyar Fina-finai ta Birtaniya, shekara kusan ɗari ke nan.