Abebe Bikila, makiyayin da ya ci tseren duniya ba takalmi

Yara, wa ya fi kowa gudu cikin ajinku? Kowane aji yana da nasa gwani. Amma gudun nan da can daban yake da gudun da ake daɗewa ana yi. Akwai wani tsere da ake kira maraton. Tsawonsa kilomita 42 ne da mita 195. Daga Gaya zuwa Doso wajen kilomita 150 ne, ke nan maraton ya ɗara kashi ɗaya cikin huɗu na wannan hanya. Da ƙafa ake yin shi, ba zama, ba hutu.

Maraton sunan wani gari ne na ƙasar Girka. An ce a zamanin da, wani soji ya sheƙo da gudu daga wannan gari har birnin Atina, don ya kai albishir an ci yaƙi. Tun 1896 ake yin wannan tsere cikin wasannin Olimpik, inda ƙasashen duniya ke haɗuwa duk bayan shekara 4. An yi shekara 64 ba baƙar fatar da ya ciyo ma wata ƙasar Afirka lambar zinariya a waɗannan wasanni. Ga labarin wanda ya fara.

Ɗan tsauni

An haifi Abebe ran 7 ga watan agusta 1932, a wani ƙauye mai suna Jato, cikin lardin Shewa na ƙasar Habasha. Bikila sunan ubansa ne, don mutanen Habasha kamar mu suke yi: yaro ya ɗauki sunan uba ya haɗa da nasa. Uban makiyayi ne. Abebe ma da kiwo ya tashi, yana bin tumaki bisa tsaunuka.

Ƙasarsu ba kamar tamu take ba. Gaya tana bakin kogi, ƙasa-ƙasa, ga zafi. Bisanta daga teku wajen mita 200 ne. Adis Ababa kuwa, babban birnin Habasha, ta fi mita 2300. Can sama akwai sanyi, kuma iskar ba ta da kauri. Duk shaƙa ɗaya, abin da ke shiga jini bai kai na nan ƙasa ba. Baƙo in ya je, ɗan gudu kaɗan sai ya kama haki. Wanda ya girma can, huhunsa da jininsa sun saba. In ya sauko ƙasa ya yi gudu, sai ya ji kamar an sauke mishi kaya.

Yana da shekara 3, cikin 1935, sojin Italiya suka faɗa ma Habasha da yaƙi. Suka ci Adis Ababa a 1936, sarki Haile Salasi ya bar ƙasar. Gidan su Abebe suka yi gudun hijira zuwa wani ƙauye na nesa. Sai a 1941 aka kori Italiyawa, sarki ya komo. Ku riƙe wannan, za mu sake komowa kansa.

Da ya zama saurayi, Abebe ya gwaninta ga wani wasa na ƙasarsu da ake kira gena. Da sanduna masu lanƙwasa ake bugun ƙwallo, cikin fili mai tsawon gaske. Wanda bai iya gudu ba sai dai ya yi kallo.

Shiri

Wajen 1952 ya tafi Adis Ababa, ya shiga cikin sojin da ke tsaron sarki. Albashin soji shi ne abincinsa. Ba mai biyansa kuɗin gudu, kuma a wancan zamani dokar Olimpik ba ta karɓar wanda ya mai da wasa sana'a. Duk da haka kullum sai ya yi gudu tsakanin tudun Sululta da birni, tafiyar wajen kilomita 20, ya je ya komo.

Akwai wani bature mutumin Suwidin, sunansa Onni Niskanen, wanda gwamnatin Habasha ta ɗauko don ya koya ma soji motsa jiki. Shi ya lura da wannan siririn soji marar yawan magana, ya jawo shi cikin yaransa. A 1956 aka yi tseren maraton na soji. Abebe bai ci ba, na biyu ya zo, bayan wani gwani mai suna Wami Biratu.

Daga nan aka shiga shiri na sosai. Yau a yi dogon gudu, kilomita 30 ko fiye, hawa da gangara, cikin daji da bisa hanya. Wata rana kuma a yi gajere: mita 1500 da ƙarfi, a ɗan huta, a sake, a ɗan huta, a sake, har ƙafa ta yi nauyi. Dogon yana koya ma jiki jimiri, gajeren yana koya mishi sauri. Niskanen yana tsaye da agogo a hannu yana auna lokaci. Ɗan kokowa ma haka yake: tun kafin kaka yake ɗaukar buhu yana gudu cikin rairayi, ba ya jira sai ranar da aka kaɗa ganga. Shekara 4 Abebe ya yi yana wannan wahala, ba wanda ya san sunansa wajen Habasha.

Cikin watan yuli 1960 ya ci maraton a Adis Ababa. Wata na biye ya sake ci, cikin awa 2 da minti 21 da sakan 23. Wannan ya fi lokacin da duk wani gwani ya taɓa yi a Olimpik, alhali kuwa bisa tsauni aka yi shi. Sai aka sa sunansa cikin masu zuwa Roma, babban birnin Italiya.

Daren Roma

A Roma aka samo mishi sabbin takalman gudu. Ya gwada, ba su yi mishi daidai ba, suka sa mishi bororo a ƙafa. Sai ya ajiye su. Ya saba gudu ba takalmi, tafin ƙafarsa ya yi kauri kamar ƙirgi.

Ran 10 ga watan satumba 1960 aka yi tseren. Ran nan Nijar tana da kwana 38 da samun ƴancin kai, Dahome, wadda ta zama Benin, tana da kwana 40, Najeriya kuwa saura mata mako 3. Saboda zafi sai da la'asar sakaliya aka tashi, ƙarfe 5 da rabi. Mutum 69 suka jeru. Masu kallo suka ga wani baƙi mai lamba 11, ƙafa ba takalmi, ba wanda ya ɗauke shi da muhimmanci.

Niskanen ya riga ya gargaɗe shi ya yi hankali da mai lamba 26, wato Radi ben Abdessalam, mutumin Maroko. Ashe ran nan lamba 185 Radi ya sa. Kafin a kai rabin hanya mutum biyu suka tsere ma sauran: Abebe da mai lamba 185. Abebe yana ta duba gaba, yana neman 26, bai san ga shi nan kafaɗa da kafaɗa da shi ba.

Dare ya yi. Suka hau wata tsohuwar hanya da Romawan da suka shimfiɗa da duwatsu, ana kiranta hanyar Apiya. Sojin Italiya suka jeru gefe da gefe, kowa riƙe da wutar jiniya yana haska hanya. Ku tuna, shekara 25 kafin wannan dare sojin wannan ƙasa ne suka kori gidan su Abebe daga ƙauyensu. Kusa da ƙarshen hanya kuma akwai wani dogon dutse sassaƙaƙƙe, wanda Italiyawa suka ɗauko daga garin Aksum na Habasha a 1937, suka kafa a Roma. Sai a 2005 suka mai da shi. Abebe da malaminsa sun zaga hanyar tun kafin ranar, sun shirya daga wajen wannan dutse zai ƙara mai. Da suka wuce shi, ƙarshe ya matso, Abebe ya saki ƙafa. Radi ya kasa bin shi.

Ya iso cikin awa 2 da minti 15 da sakan 16, Radi yana bayansa da sakan 25. Ba a taɓa yin maraton da wannan sauri ba a duniya. Ku ɗauki allo ku lissafa: kowane kilomita cikin minti 3 da sakan 12 ya yi shi, sau 42 a jere. Ku auna kilomita ɗaya bisa hanyar lakwal, ku roƙi mushe ya riƙe muku agogo, ku ga naku.

Ya koma gida aka tarye shi da murna, sarki ya ba shi lambar girma, aka mai da shi kafaran. Murnar ba ta daɗe ba. Cikin watan disamba na wannan shekara manyan sojin tsaron sarki suka nemi juyin mulki, abin bai yiwu ba. Aka kama soji da yawa, har da Abebe. Da aka ga ba hannunsa ciki, aka sake shi, ya koma ga gudunsa. A 1961 ya ci maraton a Atina, da Osaka ta Japan, da Koshitse. A 1963 kuma ya je Boston ta Amurka ya zo na 5.

Tokiyo

Olimpik na 1964 a Tokiyo aka yi shi. Saura ƴan makonni, Abebe yana cikin shiri sai ciwon ciki ya kama shi. Likitoci suka ga wani ɗan guntun hanji da ke gefen dama ne ya kumbura, ciwon da ake kira apandisit. Aka yi mishi aiki ran 16 ga satumba. Mutane suka fid da rai. Shi kuwa tun ɗinkin bai gama warkewa ba ya fara sassarfa cikin filin asibiti.

Ran 21 ga oktoba, mako 5 bayan aikin, ya shiga tsere, wannan karo da takalmi. Daga tsakiyar hanya shi kaɗai ke gaba. Ya shigo fili cikin awa 2 da minti 12 da sakan 11, ya sake kafa sabon lokaci na duniya. Maimakon ya faɗi don gajiya, sai ya koma kan ciyawa yana miƙe jiki, yana taɓa yatsun ƙafa, jama'a na tafi. Sai da aka yi fiye da minti 4 kafin na biyu, Basil Heatley na Ingila, ya iso. Masu cewa rashin takalmi ne asirinsa suka yi shiru, tun da da takalmin ya fi sauri. Shi ne mutum na farko da ya ci maraton na Olimpik sau biyu. A wannan Olimpik ɗin ne Nijar ta fara shiga, da ɗan dambe guda, Isaka Dabore.

Aka ƙara ma Abebe girma, ya zama hafsa, aka ba shi mota Volkswagen. A 1968 ya je Meziko neman na uku. Amma ƙashin ƙafarsa ya riga ya tsage. Ya daure har wajen kilomita 16, ciwo ya fi ƙarfinsa, ya tsaya. Abokinsa Mamo Wolde ya ci, lambar ta sake zuwa Habasha.

Keke

Ran 22 ga watan maris 1969, da dare, motarsa ta kife da shi. Ƙashin wuyansa ya taɓu, jikinsa ya mutu. Aka kai shi asibitin Stoke Mandeville a Ingila, ya yi wata 8. Hannuwansa suka tashi, ƙafafun kuwa ba su ƙara takawa ba. Yana da shekara 36.

Cikin keken guragu ya koma shiri, kamar yadda ya saba. Ya koyi harbi da baka, ya koyi ƙwallon tebur. A 1970 ya shiga wasannin naƙasassu na Stoke Mandeville. A 1971 ya je ƙasar Norwe, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa, ya shiga tseren wani abin hawa mai sulɓi bisa ƙanƙara, ya zo na ɗaya. A 1972 aka gayyace shi Olimpik na Munik, a Jamus. Da aka turo shi cikin fili, jama'a suka miƙe tsaye suna tafi. A can ne Isaka Dabore ya ciyo ma Nijar lambarta ta farko, ta tagulla.

Abebe Bikila ya mutu ran 25 ga oktoba 1973, sanadin zubar jini cikin ƙwaƙwalwa, yana da shekara 41. Ya bar mata da ƴaƴa 4. Dubban mutane suka raka gawarsa, har da sarki Haile Salasi. Aka binne shi a maƙabartar cocin Yusufu, a Adis Ababa. Akwai filin wasa cikin birnin da aka sa ma sunansa.