TAƘAITACCEN TARIHIN UWARGIDA FUNMILAYO RANSOME-KUTI (1900-1978)

Da muke shirya wannan littafi na cikar ikkilisiyarmu shekara 50, mun ga ya kamata mu ba matasanmu labarin wata matar fasto. Yawancinsu sun san ta da sunan uwar Fela mawaƙi kaɗai, alhali kuwa ta yi suna tun ɗan nata yana ƙaramin yaro.

An haife ta a Abeokuta ran 25 ga Oktoba, 1900, a gidan masu bi na ɗarikar Anglikan. A 1914 ta shiga makarantar sakandare ta Abeokuta, tana cikin 'yan mata na fari da aka karɓa a wurin. Ta tafi Ingila ƙaro ilimi a 1919, da ta komo kuwa sai ta kama aikin koyarwa. A 1925 ta auri Rabaran Israel Oludotun Ransome-Kuti, fasto kuma shugaban makaranta, wanda ya zama shugaba na fari na ƙungiyar malaman makaranta ta Nijeriya a 1931.

Da fari ƙungiyar da ta kafa ta matan 'yan boko ce, aikinsu ɗinki da girki da taimakon gajiyayyu. Wajen 1944 ta buɗe ƙofa ga matan kasuwa domin su koyi karatu da rubutu. A nan ne idonta ya buɗe. Matan da suka zo koyon baƙaƙe suka riƙa kawo mata kukansu. A kwanakin yaƙin duniya na biyu hukuma tana ƙwace shinkafarsu, tana yanka wa kayansu farashi yadda ta ga dama. Ga kuma haraji da aka ɗora wa mata tun 1918, ko mace tana da abin hannu ko ba ta da shi. Masu karɓar harajin sukan doki mata, har sukan tuɓe 'yan mata wai don su gane ko sun isa biya. Duk da haka babu mace ko ɗaya a majalisar da take kashe kuɗin.

Sa'an nan ta yi abin da mu shugabanni ya kamata mu lura da shi. Ta ajiye tufafin Turawa, ta ɗaura zane irin na matan kasuwa, ta koma yin jawabi da Yarabanci, ko a gaban jami'an Turawa ne. A 1946 ƙungiyar ta zama Ƙungiyar Matan Abeokuta, Kirista da Musulmi da masu bin al'ada duka a ciki. Ita kanta ta ƙi biyan harajin, aka kai ta kotu. Sa'ad da aka hana su izinin zanga-zanga, sai suka ce ai biki suke yi. A ƙarshen Nuwamba 1947 mata fiye da 10,000 suka kwana a ƙofar fadar Alake, wato Sarki Ladapo Ademola na Biyu, suna waƙoƙi. Suka sake komawa a Disamba.

Ba mu ce a raina sarauta ba. Amma a Littafin Ƙidaya sura 27, 'ya'yan Zelofehad mata su biyar sun tsaya a gaban Musa da shugabannin jama'a suna neman gādon mahaifinsu, Ubangiji kuwa ya ba su gaskiya. Matan Abeokuta ma ba su ɗauki makami ba. Aka janye harajin nan na mata, Alake ya sauka daga gadon sarauta a Janairu 1949, ko da yake ya komo daga baya, mata huɗu kuma suka shiga majalisar riƙon ƙwarya, har da ita.

Ita kaɗai ce mace cikin wakilan jam'iyyar NCNC da suka je Landan a 1947. A 1953 ta jagoranci kafa tarayyar ƙungiyoyin matan Nijeriya, tana neman kowace mace ta sami 'yancin jefa ƙuri'a. A nan labarinta ya taɓa mu. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta yi tattaki har Abeokuta domin ta gana da ita. Matan Kudu sun fara zaɓe tun shekarun 1950, amma iyayenmu mata na Arewa sai a 1976. Ku 'yan matan Zumuntar Matasa, ku tambayi kakanninku na Zumuntar Mata. Waɗansu cikin waɗanda suka ɗauko ruwa da ƙasa a kā aka gina ɗakin sujadarmu na fari, sun haifi 'ya'ya kafin a yarda su zaɓi ko kansila. Har yau kuma akwai gidajen masu bi inda, in kuɗin makaranta ya gaza, 'ya mace ce ake fara zaunarwa.

Mijinta ya rasu a 1955. Tafiyarta ƙasar Sin a 1956 ta sa gwamnati ta ƙi sabunta mata fasfo bisa zargin kwaminisanci. Cikin 'ya'yanta huɗu biyu likitoci ne: Beko, da Olikoye wanda ya riƙe ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992.

Ran 18 ga Fabrairu, 1977, sojoji wajen 1,000 suka auka wa gidan Fela a Legas. Ba mu yaba irin zaman da ake yi a gidan nan ba, amma ba abin da zai halatta abin da aka yi: suka jefo tsohuwa mai shekara 76 ta taga daga saman bene. Ba ta sake samun lafiya ba, ta rasu ran 13 ga Afrilu, 1978. Aka binne ta a Abeokuta kusa da mijinta, matan kasuwa kuwa suka rufe rumfunansu suka raka gawarta.