Edit Piyaf, gwara mai babbar murya

Mai karatu, ka taɓa jin sunan Edit Piyaf? Mawaƙiya ce ta ƙasar Faransa. An haife ta a birnin Pari a 1915, cikin talauci. Tun tana yarinya take waƙa a bakin hanya, mutane na jefa mata kuɗi, kamar yadda kake ganin ana yi ma makaɗa ranar kasuwar Madawa. 'Yar ƙarama ce ƙwarai. Shi ya sa a 1935 aka laƙaba mata Piyaf, wato gwara.

Ta yi suna, amma ta sha wuya. Ɗiyarta guda tilo ta rasu tana da shekara 2. Daga baya ta yi hatsarin mota, ciwo ya zauna mata a jiki.

A 1960, shekarar da Nijar ta samu 'yancin kai, bashi ya yi ma babban gidan waƙa na Olampiya katutu, har ana batun rufe shi. Mai gidan, Bruno Kokatiris, ya roƙe ta ta taimaka. Jikinta ba ƙarfi, amma ta amsa. Ƙarshen watan Disamba ta hau dandali. Ta yi wajen wata 3 tana waƙa, jama'a na cika gidan maƙil. Da haka gidan ya tsira.

An ɗauki waƙoƙin nata na Faransanci nan gaban jama'a, har da tafinsu. Faifan ya fito a 1961, ya yi kasuwa sosai.

Ta rasu a 1963, tana da shekara 47. Gidan Olampiya kuwa yana nan har yau. Ka gani, ba girman jiki ke aiki ba.