Tarihin Marigayi Chris Seydou, Telan Da Ya Kai Zanen Taɓo Birnin Faris

Ran 4 ga watan Maris na shekarar 1994 ne Allah ya yi wa Seydou Nourou Doumbia rasuwa a Bamako, babban birnin ƙasar Mali, bayan gajeruwar rashin lafiya. Ya rasu yana da shekara 44 da haihuwa. Duniya ta fi saninsa da sunan Chris Seydou, kuma har yanzu idan ana lissafin mutanen da suka ɗaga darajar tufafin Afirka ta Yamma a idon Turawa, sunansa yana sahun farko. Abin lura a tarihinsa shi ne, yawancin shekarun da ya yi yana aiki a ƙasashen wasu ya yi su, yana baƙo.

An haife shi ran 18 ga watan Mayu, 1949, a Kati, wani gari mai barikin soja kusa da Bamako, lokacin ƙasar tana hannun Faransawa. Mahaifiyarsa sana'ar ɗinkin ado take yi, saboda haka tun yana ƙarami ya saba da zare da allura. Ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Wagadugu, sa'an nan suka komo Kati a cikin 1963. Bayan shekara biyu aka kai shi koyon ɗinki wurin wani tela mai suna Cheickene Camara. Irin wannan koyo sananne ne ga duk wanda ya taɓa leƙa shagunan teloli na PZ ko na kasuwar Sabon Gari a Zariya: yaro yakan fara da shara da guga da sa maɓalli, sai an jima a bar shi ya hau keke, almakashi kuwa shi ne na ƙarshe da za a damƙa masa.

Seydou bai daɗe a ƙarƙashin maigida ba. A 1967, yana ɗan shekara 18, ya koma Wagadugu ya buɗe shagon kansa. A 1969 ya zarce Abijan ta ƙasar Kwaddibuwa, wadda a zamanin nan kuɗin koko da kofi suka mai da ita matattarar masu sana'a daga Mali da Gini da sauran ƙasashen makwabta. Sunan Chris da ya laƙaba wa kansa kuwa, ya aro shi ne daga Christian Dior, shahararren mai tsara tufafin nan na Faransa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna inda zuciyar saurayin ta dosa.

A farkon shekarun 1970 ya isa Faris. Ya yi aiki a gidan Yves Saint Laurent, da kuma kamfanin Mic-Mac, ya kuma san Paco Rabanne. Ba shi ne baƙon farko a wannan sana'a ba, domin kuwa baƙi suna da babban hannu wajen gina sunan da Faris ta yi. Charles Worth, wanda ake ɗauka uban sana'ar, mutumin Ingila ne. Paco Rabanne daga Sifen ya zo yana yaro, gudun yaƙin basasa. Shi kansa Saint Laurent a Oran ta ƙasar Aljeriya aka haife shi, kuma a 1967 ya fitar da wasu tufafi da ya ɗauko fasalinsu daga sassaƙen Bambarawa, watau mutanen ƙasar su Seydou. Ga Bature yana cin riba da adon Mali, ga ɗan Mali ya tsallako teku yana neman adon Turai.

A can ne hankalinsa ya koma kan bogolan, zanen da ya baro a gida. Ma'anar sunan da harshen Bambara ita ce abin da aka yi da taɓo. Maza ne suke saƙa farin auduga siri-siri, kamar sawayen masaƙan ƙasar Hausa, a haɗa su a ɗinke. Daga nan aikin ya koma hannun mata. Sukan jiƙa zanen a ruwan ganyen marke har ya yi ɗorawa, a shanya. Sai a ɗauko taɓon kogi wanda aka ajiye cikin tukunya wata da watanni, wani lokaci har shekara, a riƙa shafa shi da tsinke ko ɗan ƙarfe, ana kewaye zanen da ake so ya fito. Ƙarfen da ke cikin taɓon shi ne yake haɗuwa da ɗacin ganyen ya ba da baƙi wanda wanki ba ya fitarwa. Dukawan ƙasar Hausa sun san wannan sirri, don haka kuloko yake kama fatar da aka jeme da bagaruwa. A ƙarshe sai a goge ɗorawar da sabulu mai ƙarfi, adon ya fito fari a kan baƙi.

Amma fa bogolan ba zanen kwalliya kawai ba ne. Mafarauta suna sa shi don tsari, mata kuma suna ɗaura shi bayan kaciya da bayan haihuwa. Alamomin da ke jikinsa suna da sunaye, uwa ke koya wa 'yarta. Ga tela kuwa akwai wata wahalar dabam: adon ya cika yawa, kuma ba a samun zane biyu iri ɗaya, saboda haka in aka yanka hannun riga da gabanta ba za su dace ba. Dabarar da Seydou ya yi ita ce, ya riƙa zaɓen alama ɗaya ko biyu, ya sa masu aikin su maimaita masa ita a tsare a kan ƙyalle. Da wannan ya ɗinka kwat da wando da gajeren siket da huluna, waɗanda aka nuna a Turai da Amurka.

A nan ne ra'ayi ya rabu, kuma kowane ɓangare yana da hujja. Zanen da aka rage wa alamomi ya daina faɗin abin da tsofaffin mata suke faɗi da shi, ya zama ado zalla. Sai dai kuma kafin wannan lokaci mutanen birni suna yi wa bogolan kallon kayan ƙauye, ma'aikacin gwamnati ba ya shiga ofis da shi. Da aka ga Faris ta karɓa, sai Bamako ta waiwayo. Ba shi kaɗai ya yi wannan aiki ba, don akwai ƙungiyar masu zane ta Kasobane wadda ta ɗauki bogolan a matsayin allon zanenta, amma shi ne ya sa aka sa shi a jiki a bainar jama'a. Ɗaliban sashen saƙa da rini na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru suna fuskantar irin wannan tambaya duk lokacin da suka ɗauko aska takwas daga ƙirjin babbar riga suka ɗora ta a kan jaka ko labule.

A 1981 ya bar Faris ya komo Abijan, inda ya kafa tufafi masu ɗauke da sunansa. A 1990 ya dawo Bamako, bayan fiye da shekara ashirin a waje, ya haɗa kai da masaƙar ITEMA aka riƙa buga adon bogolan da inji, yadda mai ƙaramin albashi zai iya saya. Wannan mataki shi ma yana da nasa lahanin, domin hanyar da ya buɗe ita ce masaƙun ƙasashen waje suka bi daga baya, suna buga adon suna sayarwa ba tare da matan da suka gaje shi sun ga ko anini ba.

Karantarwarsa irin ta teloli ce, ta a gani a kwaikwaya. Masu tsara tufafi da suka biyo bayansa sun koyi darasi guda daga gare shi, watau ana iya ɗaukar saƙar gida a yi mata yankan zamani, a sa mata suna, a kai ta kowace kasuwa. A 1993 ya kafa ƙungiyar masu tsara tufafi ta Afirka don su daina aiki a warwatse. Bai shekara biyu da ita ba ya rasu, shugabancinta ya koma hannun abokinsa Alphadi na Jamhuriyar Nijar. A 1998 Alphadi ya shirya bikin nunin tufafin Afirka na farko, wanda ake kira FIMA, a hamadar Tigidit kusa da Agadas, inda masu tsara tufafi na Afirka da na Turai suka nuna aikinsu a dandali ɗaya.